Wa ke rubuta wa Mista Bin wasa, alhali ba ya magana?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata gardama ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wanda duk ya kalli Mista Bin har ƙarshe zai ga ana jera sunayen marubuta, kuma bayan Rowan Atkinson, wanda ke fitowa a matsayin Mista Bin, sunan da aka fi sani a ciki shi ne Richard Curtis. To mutumin da zai yi minti 25 bai furta kalma goma ba, sai gunaguni da zare ido, me marubuci ke rubuta masa? Wasu na cewa sunan kara ne kawai ake sawa, ɗan wasan ne ke ƙirƙirar abinsa a gaban kyamara kamar yadda ake camama a nan gida. Shi wannan Curtis wane ne, daga ina ya faro, kuma yaya sana'ar rubuta barkwanci take a Birtaniya? Don Allah masu sani a yi mana dalla-dalla, akwai matasa masu haɗa gajerun bidiyo na ban dariya a zauren nan da za su ƙaru.

Baban Alƙalami:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Masu cewa sunan kara ne sun yi kuskure. Wasan da babu magana ya fi mai magana cin rubutu, domin idan fitowa ta yi sanyi babu wata baƙar magana da za a jefa ta ceto ta.

Shi Curtis an haife shi ranar 8 ga Nuwamba 1956 a Wellington, babban birnin New Zealand. Mahaifinsa ma'aikacin kamfanin Unilever ne, aiki ya yi ta yawo da iyalin, sun zauna a Suwidin da Filifin, sai da yaron ya kai shekara 11 suka koma Ingila. Ya yi makarantar Harrow, sannan ya karanta harshe da adabin Ingilishi a Oxford. A can ya haɗu da Atkinson, wanda shi kuma injiniyancin lantarki ya je yin digiri na biyu a kai. Curtis ya so zama ɗan wasa, har ya yi shekaru yana tsayawa kusa da Atkinson a dandamali a matsayin abokin wasa mai ɗaure fuska, wanda ake yi wa shaƙiyanci 'yan kallo su yi dariya. Wannan tsayuwar ta koya masa abin da ba a koyo a aji: daidai wurin da dariya ke tashi, da wurin da take mutuwa.

An fara nuna Mr. Bean a tashar ITV ranar 1 ga Janairu 1990. Kowane kashi kamar minti 25 ne, a ciki akwai gajerun wasanni biyu zuwa huɗu. Ɗauki na farko, wato jarrabawa, ka kwance shi kamar inji ka ga sassansa.

Da farko akwai buƙata ƙwaya ɗaya da kowa zai gane ba sai an faɗa ba: yana so ya ci jarrabawar lissafi. Sai cikas: ɓangare ɗaya na lissafin ya haddace, da ya buɗe ambulan ya zaro takarda sai ya ga tambayoyin ɗaya ɓangaren ne. Daga nan aikin marubuci ya fara, shi ne jera dabarun satar amsa ta yadda kowace za ta fi ta bayanta muni. Leƙe ta gefen ido, matsowa kusa da maƙwabci kaɗan-kaɗan, hura wa takardarsa iska don ta ɗaga, har ya kai ga ɗauke hankalinsa ya janye takardar. Idan aka sa babbar dabara a farko, sauran duk sun zama lami. Sannan ƙarshe: saura minti 2 mai tsaron jarrabawa ya yi sanarwa, sai ga shi takarda biyu ce a cikin ambulan tun farko, wadda ya karanta tana ciki. Wannan ambulan ɗin tun minti na farko aka ajiye shi a gaban idon mai kallo. Ɗan wasa ba ya ƙirƙirar irin wannan a tsaye. Dole wani ya san ƙarshen tun kafin a kunna kyamara, ya dawo baya ya binne tarkon.

Haka wasan bakin teku da ke biye. Yana so ya sauya wando ya sa gajeren wandon iyo, ga wani mutum zaune kusa da baƙin tabarau. Kunya ta sa ya zura gajeren a kan dogon, sannan ya yi ta murɗe-murɗe har ya zare dogon ta ƙarƙashi ba tare da ya tuɓe ba. Da ya gama yana alfahari, mutumin ya miƙe ya ɗauki farar sanda. Makaho ne. Tabarau ɗin shi ne tarkon da aka binne.

Akwai ƙa'ida guda da matasan namu suka fi karyawa. Mista Bin ba mahaukaci ba ne, kuma ba ya yin abu don ya ba da dariya. Kowane mataki da ya ɗauka yana da hujja a kansa, hujjar yaro ɗan shekara tara mai son kansa. Kujera ta ƙi shiga mota, to a ɗaure ta a kan rufi. Cikin mota ya cika da kaya, to a zauna a kujerar da ke sama a tuƙa da igiya da sandar goge ƙasa. Mataki-mataki babu inda hankali ya yanke, amma inda aka ƙare hauka ne tsantsa. Da zarar ɗan wasa ya faɗi ƙasa ba dalili, ko ya murguɗa baki don kawai a yi dariya, mai kallo ya daina bin tunaninsa, ya koma kallon wawa. Wawa kuwa minti ɗaya yake yi ya gundure ka.

Abu na biyu shi ne shaida. Kusan kowace fitowa akwai mutum mai kamala a gefe: ɗalibin da ke kusa, dattijon da ke zaune a coci, ma'aikacin gidan abinci. Ba shi da abin cewa sosai, amma shi ne ma'aunin. Cire shi, sai ka ga babu wanda Mista Bin zai ji kunya a gabansa, dariyar kuma rabinta daga jin kunyar take fitowa. Aikin da Curtis ya yi da jikinsa a dandamali ke nan kafin ya koma rubuta shi.

Takardar irin wannan wasa kusan duk bayanin motsi ce: ya duba hagu, ya ga mai tsaro ya juya baya, ya miƙa hannu, ya fasa. Daga takarda a shiga ɗakin atisaye da kayan gaske, tebur da biro da ambulan, a gwada, abin da jiki ya ƙi a goge, abin da Atkinson ya gano da jikinsa a mayar cikin takarda. Wasu wasannin ma, kamar na coci, sun daɗe ana yin su a dandamali kafin su zo talabijin. A 1987 Atkinson ya kai wannan hali bikin barkwanci na Montreal a Kanada, ya nemi a sa shi gaban masu jin Faransanci, don ya gwada ko zai ba da dariya inda harshensa ba shi da amfani. Dalilin da ya sa tsohuwar da ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya take dariyarsa a Kano ko Damagaram ke nan, an auna hakan tun kafin a fara.

Ɗan Lokeshan:

Baba, bayaninka ya yi, amma a bai wa kowa haƙƙinsa. Akwai marubuci na uku, Robin Driscoll, kuma shi ne ya fi daɗewa a kan shirin. Curtis ya fi ƙarfi a kashin farko-farko, wani marubucin barkwanci, Ben Elton, ya sa hannu a na farkon, amma daga baya da fina-finai suka ɗauke hankalin Curtis, Driscoll da Atkinson ne suka riƙe alƙalamin. Driscoll ma yakan fito a ƙananan matsayi a ciki. Suna ya bi Curtis ne saboda shahararsa a wasu wuraren.

Sai ɓangaren ɗauka, don nan ne rubutu mai kyau ke lalacewa a hannun yaranmu. Barkwancin jiki yana son hoto mai faɗi, a ga mutum daga kai har ƙafa tare da abin da yake fama da shi da kuma shaidar da ke gefe, duk a hoto guda. Idan ka matso da kyamara kan fuska, ka yanka zuwa hannu, ka yanka zuwa ƙafa, mai kallo zai ɗauka dabarar edita ce, ba zai yarda an zare wandon da gaske ba. Matso da kyamara sai lokacin da ake son a ga tunani ya faɗo masa. John Howard Davies, wanda ya ba da umarni a kashi na farko, tsohon hannu ne a barkwancin BBC, ya san wannan sarai.

Dariyar da kuke ji a bayan fage ba ta gwangwani ba ce zalla. Abin da aka ɗauka a sitidiyo ana yin sa ne gaban 'yan kallo, wanda aka ɗauka a waje kuma a haska musu a allo a naɗi dariyarsu. Wannan yana shafar tsawon fitowa: dole a bar wa dariya numfashi na 'yan daƙiƙu kafin motsi na gaba, in ba haka ba ta haɗiye shi.

Kayan wasa kuma duk abin da zai fashe, ko ya jiƙe, ko a ci, sai an tanadi fiye da ɗaya. Tun a takarda ake ƙirga wannan. Marubucin da ya rubuta cewa tankar yaƙi ta taka mota, kamar yadda aka yi a kashin komawa makaranta, ya san ya rubuta kuɗi ne, kuma ɗauka ɗaya ake da ita a kan kowace mota.

Mai Neman Sani:

Allah ya saka da alheri, gardama ta mutu. To amma kashi goma sha wani abu a cikin shekara kusan shida, ba su yi kaɗan ba? A nan shiri mai dogon zango yana yin haka a wata uku. Kuma da me mutum zai ci abinci idan abin da ya rubuta ke nan?

Malam Tsinkaye:

Malam mai tambaya, ƙarancin shi ne tsarinsu. A Amurka ana tara marubuta goma ko fiye a ɗaki, su fitar da kashi 22 ko sama a shekara. A Birtaniya mutum ɗaya ko biyu ke rubuta zango gaba ɗaya, kuma zangon kashi 6 ne a al'ada, ana gama rubuta yawancinsa kafin a fara ɗauka. A BBC rabin awa ne kusan cif tunda babu talla, a ITV a zamanin Mista Bin minti 24 zuwa 25 ne da hutu a tsakiya, don haka marubucin ITV sai ya gina wani ɗan ƙulli daidai wurin tallar don kada a sauya tasha. Batun abinci kuwa, ƙungiyar marubuta ta Birtaniya tana da yarjejeniya da tashoshi kan mafi ƙarancin abin da za a biya, sannan akwai kuɗin maimaici da kason sayarwa ƙasashen waje. Shiri kamar Mr. Bean da aka sayar wa duniya, kashi kaɗan ɗin nan ya fi kashi ɗari da aka nuna sau ɗaya aka manta.

Hanyar da 'yan zamanin Curtis suka bi kusan iri ɗaya ce: wasan ɗalibai a jami'a, sai bikin wasanni na Edinburgh a watan Agusta inda furodusoshi ke zuwa farautar sababbin hannu, sai rediyo, sai talabijin. Rediyon BBC yana da shirye-shiryen da kowa zai iya aika gajeren barkwanci, irin su Week Ending da ya yi daga 1970 zuwa 1998, ana biya gwargwadon mintin da aka watsa. Curtis da Atkinson sun yi nasu shirin rediyon a 1979, a shekarar kuma aka fara Not the Nine O'Clock News a BBC2 ƙarƙashin furodusa John Lloyd, inda Curtis ya yi ta rubuta gajerun wasanni da waƙoƙin shaguɓe har 1982.

Amma mai son ya ga yadda rubutu ke gyaruwa, Blackadder zai duba, shirin barkwancin BBC da Atkinson ya fito a jaruminsa, ba Mista Bin ba. Zangon farko na 1983 Curtis da Atkinson suka rubuta. An kashe kuɗi kamar ba gobe: dawaki, taron jama'a, ɗauka a ganuwar Alnwick a arewacin Ingila cikin sanyi, kusan fam miliyan 1 a kashi 6. Hoto ya yi kyau, dariya ta yi kaɗan. Dalilan a bayyane suke. Jarumin sakarai ne mai kuka, baransa Baldrick ya fi shi wayo, ga kuma mutumin da duk ƙarfinsa a fuska da furuci yake an ɗora shi kan doki can nesa. Michael Grade, shugaban BBC1 na lokacin, ya kusa rufe shirin, bai yarda a ci gaba ba sai da aka zaftare kuɗin sosai.

Zango na biyu bai fito ba sai 1986. Atkinson ya ajiye alƙalami, Ben Elton ya shigo. Suka kifar da tsarin: jarumin ya zama mai kaifin baki da wayo, Baldrick ya zama dolo, aka kori dawaki, aka koma ɗakuna uku-huɗu a sitidiyo gaban 'yan kallo. Talaucin ne ya gyara shi, domin idan ba ka da ganuwa da runduna, dole kowane layi ya ɗauki nauyin kansa. Lura kuma da yadda suke ƙara matse jarumin daga zango zuwa zango: ɗan sarki a 1485, bafaden Sarauniya Elizabeth ta ɗaya, baran yarima a zangon 1987, sai kyaftin a ramin yaƙin duniya na ɗaya a zangon 1989. Kullum mai wayo ne da aka kulle tsakanin wawan ubangida a sama da wawan bara a ƙasa, ba hanyar fita. Barkwancin zango ba ya rayuwa idan jarumi zai iya tattara kayansa ya tafi.

Curtis da Elton ba sa zama ɗaki ɗaya su rubuta. Kowa ya ɗauki kashi 3 ya yi daftari, su yi musaya, kowa ya sake rubuta na ɗan'uwansa, kuma layin da ɗaya ya goge ba a dawo da shi da gardama. Sannan mako guda na atisaye ga kowane kashi, inda Lloyd da 'yan wasa irin su Stephen Fry da Hugh Laurie za su iya ɓata rabin yini a kan kalma ɗaya. Wannan ya sha ɓata wa marubutan rai, ba ɓoyayyen abu ba ne. A ranar ƙarshe ta mako a shiga sitidiyo da kyamara huɗu ko biyar, da yamma 'yan kallo su shigo, a yi awa biyu ko fiye ana ɗaukar abin da zai zama minti 30.

Fitowar ƙarshe ta zangon 1989, wadda aka nuna ranar 2 ga Nuwamba, sojojin sun fita daga rami zuwa mutuwa. Abin da aka ɗauka bai yi kyau ba, lokacin sitidiyo ya ƙare, fagen kuma ana ganin na roba ne. A ɗakin edita aka rage gudun hoton, aka sassauta kiɗan Howard Goodall, hoton ya narke ya koma filin jajayen furanni. Wannan ba ya cikin takarda. Ina faɗa ne don kada Baban Alƙalami ya sa mu ɗauka marubuci ne komai.

Gwaggon Edita:

Malam Tsinkaye ya taɓo inda nake so. Bari in ƙara da fina-finan, tunda a waje da su aka fi sanin Curtis.

Fim ɗinsa na farko The Tall Guy ne a 1989, labarin abokin wasa mai ɗaure fuska da ke aiki ƙarƙashin wani ɗan barkwanci mai girman kai, kuma Atkinson ne ya fito a mai girman kan. Kowa ya gane daga ina aka samo labarin. Amma wanda ya sauya komai shi ne Four Weddings and a Funeral na 1994. An sake rubuta shi sau 17. Da farko bukukuwa huɗu ne da hutun amarci, marubuciya Helen Fielding ce ta ba da shawarar a sa jana'iza. Ku duba amfanin wannan gyaran: awa ɗaya ana dariya a biki bayan biki, mai kallo ya fara ƙoshi, sai mutuwa ta faɗo kan wanda ya fi kowa raha a cikin abokan. Bikin ƙarshe da ya biyo baya ya samu nauyin da ba zai taɓa samu ba.

Tsarin ma dabara ce ta mai ƙaramin jari. Taro biyar kawai, kusan ba ka ganin kowa a wurin aikinsa, ba a ɓata lokaci wajen bayanin wane ne wane. An ɗauka cikin kwana 36, kuɗin bai kai fam miliyan 3 ba, har 'yan cika taro da kayan bikinsu na gida suka zo. Ya tara kusan dala miliyan 245, ya zama fim ɗin Birtaniya mafi kawo kuɗi a lokacin, aka sa shi takarar Oscar a rukunin fim da na rubutu. Curtis da kansa bai so a ɗauki Hugh Grant a matsayin jarumin fim ɗin ba, yana ganin ya cika kyau ga halin da ya rubuta. Darakta Mike Newell da furodusa Duncan Kenworthy suka rinjaye shi, kuma su ne da gaskiya.

Akwai hannun da ba a cika ambata ba: Emma Freud, abokiyar zamansa da suka yi aure a 2023, ita ke tace masa rubutu tun daga wannan fim. Matasa ku riƙe wannan, ku samu mutum ɗaya da ba ya jin nauyinku, wanda zai ja layi a shafi ya ce nan babu dariya.

A nawa ganin, rubutunsa ya fi tsafta lokacin da wani ke ba da umarni, kamar Notting Hill na 1999 a hannun Roger Michell. Da ya fara riƙe kyamara da kansa a Love Actually na 2003, mai labarai kusan goma a saƙe, haɗin farko ya haura awa 3, sai da aka sha wuya a ɗakin edita kafin ya dawo awa 2 da kwata. Wannan ya tsira. The Boat That Rocked na 2009 bai tsira ba: ya yi tsawo, fitowa masu daɗi ɗaya-ɗaya amma babu igiyar da ta ɗaure su, bai mayar da kuɗinsa ba, sai da aka datse kusan minti 20 aka sauya masa suna kafin a kai shi Amurka. Marubucin da ya zama darakta ba shi da mai hana shi son abin da ya rubuta.

Kuma ba a rasa abin suka ba. Unguwar Notting Hill gida ce ga baƙaƙen fata 'yan asalin Karibiyan, nan ake babban bikinsu na titi duk Agusta, amma a fim ɗin da ƙyar ka ga baƙar fuska. A 2023 a bikin adabi na Cheltenham, 'yarsa Scarlett ta titsiye shi a bainar jama'a kan wannan da kuma yi wa mata dariyar ƙiba, ya amsa cewa ya yi kuskure.

Baban Alƙalami:

Gwaggo kin gama magana. Ɗan Lokeshan kuma na karɓi gyara a kan Driscoll.

Saura ɓangaren da ya shafi nahiyarmu. A 1985, lokacin yunwar Habasha, Curtis da ɗan barkwanci Lenny Henry suka kafa gidauniyar Comic Relief, aka ƙaddamar da ita ranar Kirsimeti daga wani sansanin 'yan gudun hijira a Sudan. Ranar jan hanci ta farko, wadda mutane ke sayen hancin roba ja a yi daren barkwanci a BBC ana tara kuɗi, an yi ta a Fabrairu 1988, ta tara fam miliyan 15. Zuwa 2015 jimillar ta haura fam biliyan 1. Salon daren rubutu ne irin nasa: a ba ka dariya, a yanka zuwa asibiti ko sansani, a sa lambar waya, a dawo dariya. Dabarar jana'iza a tsakiyar biki ce dai.

Salon ya kawo kuɗi, ya kuma kawo ƙorafi mai tushe, cewa kullum tauraro farar fata ne ke rungume da yaron Afirka mara lafiya, kamar nahiyar ba ta da likita ko mai magana da bakinta. Ɗan majalisa David Lammy ya fito da zafi a kan haka a 2019, a 2020 gidauniyar ta ce ta daina tura taurari Afirka don irin waɗannan hotuna, za ta riƙa ba masu shirya fim na ƙasashen aikin. A 2024 hukumar Oscar ta ba Curtis lambar girmamawa ta ayyukan jinƙai.

Ga masu gajerun bidiyo kuma, kada a ɗauka ana raina camama ne. Marigayi Ibro yana da abin da takarda ba ta bayarwa, kuma barkwancinmu da yawa a baki yake, a karin harshe da baƙar magana. Sai dai bidiyon minti 3 ba ya ɗaukar fiye da buƙata ɗaya, dabara uku masu hawa, da ƙarshe ɗaya. Rubuta ƙarshen tukuna. Koma daƙiƙa 20 na farko ka ajiye abin da zai haifar da shi a inda ido zai gani amma hankali ba zai tsaya ba. Nuna wa mutum biyar da ba abokanka ba, kada ka tambaye su ko ya yi, ka kalli fuskarsu kawai ka rubuta daƙiƙar da suka duba waya. Nan za ka yanke.

Ɗan Lokeshan:

Ƙaramin ƙari kan lissafin da mai tambaya ya yi. Kashi 15 ne gaba ɗaya. 14 aka nuna a ITV tsakanin 1990 da 1995, ɗayan, na shagon aski, a kaset ya fara fita. Wanda ya fi tara jama'a shi ne na zuwa wurin likitan haƙori a 1992, inda yake sa tufafi da goge baki yana tuƙi, mutum sama da miliyan 18 suka kalla a Birtaniya. Fim ɗin Mista Bin na 1997 Curtis da Driscoll suka rubuta, na 2007 kuwa Driscoll ne da Hamish McColl. Na zane da yara ke kallo a waya yanzu, wanda aka fara a 2002, wasu marubutan ne daban suke yin yawancinsa, muryar ce dai ta Atkinson.